Mai Leƙen Idanu ta Hujin Kwali

Shekarata ta biyu ke nan ina koyar da manyan mata karatu a Yamai lokacin da aka turo mana mai leƙen idanu. Ajinmu ɗaki ne guda na ƙasa a Gaweye, kusa da bakin kogi, tun ba wanda ya yi mafarkin gada a wurin. Da safe yaran lakwal, wato makarantar boko, ke cika shi, da la'asar kuma mu. Yawancin ɗalibaina matan ma'aikata ne daga Maraɗi da Damagaram, waɗanda suka biyo mazansu babban birni bayan an samu mulkin kai, sai Zabarmawa biyu masu sayar da kifi da suka ce gara su koyi karatun da Hausa tunda da ita suke ciniki. Ni kuwa yarinya ce ƴar Damagaram, shekara ashirin da ɗaya, ina ji da takardata, ina kuma da bakin da ban san inda ake ajiye shi ba.

Wadda ta fi kowa ƙoƙari a ajin ita ce ta fi kowa shekaru. Ungozoma ce daga wajen Tawa, mijinta ya rasu, tana aiki a wani ƙaramin gidan haihuwa na gwamnati. Inna muke ce mata, ni da ɗalibai duka. Ita ba sha'awa ce ta kawo ta ba. An fito da doka cewa duk ungozomar da ke son ci gaba da aiki sai ta kawo takardar shaida cewa ta iya karatu, don ta gane sunan magani a jikin kwalba da sunan mai jego a kan kati. Aikin nan shi ne cinta, shi ne kuma makwancinta, domin a bayan gidan haihuwar aka ba ta ɗaki. Saboda haka ta riƙe karatu da hannu biyu. Cikin wata bakwai tana karanta shafi guda ba ta ɗora yatsa ba, alhali matan da ta isa ta haifa suna nan suna kokawa da baƙaƙe.

Abu ɗaya na lura da shi. A littafinmu akwai labarin wani manomi, an ba shi irin sunan nan da ba ka wuce gida uku ba ka ji an kira shi ba. Idan aji ya ɗauki karatu baki ɗaya muryoyi kan rufe juna, amma ni da ke tsaye a gaban allo ina ganin leɓuna. Duk inda aka zo sunan manomin sai bakin Inna ya rufe, ya sake buɗewa a kalma ta gaba. Wannan ba abin mamaki ba ne a wurinmu. Mace ba ta faɗin sunan mijinta, uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, kunya ce da muka tashi muka tarar. Sai dai sunan marigayi mijin Inna mun san shi, ba shi ba ne. Kuma kowa a Yamai ya ji daga bakinta cewa ƴaƴa mata kaɗai Allah Ya ba ta.

Wata rana bayan an tashi, muna sharar ɗaki mu biyu, rawar kaina ta ja ni na ce, "Inna, wai sunan wa kike ɓoye mana? Ko dai akwai wani tsohon saurayi a Tawa?"

Ta ajiye tsintsiya. Ta leƙa ƙofa, ta leƙa taga, sannan ta ce, "Malama, ki ruhe mini asiri, Allah shi ruhe naki."

Zamanin ba na sakin baki ba ne. Wasu samari sun ƙetare iyaka sun bi mutanen da gwamnati ke kira maƙiyan ƙasa, kuma rediyo kan karanto sunayen waɗanda ake nema, da sunan uba da garin haihuwa. Ma'aikacin da aka ji ɗansa ko ƙanensa a ciki, kwana biyu sai ka ga kujerarsa ba kowa, kuma ba mai tambayar ina ya shiga. Ɗan farin Inna yana cikin samarin nan. Shi ya sa ta baro Tawa ta zo inda ba a san ta ba, ta ce ba ta da ɗa namiji. Ta gaya mini haka cikin raɗa, ba ta kira shi da komai ba sai "yaron nan". Na yi nadamar wasan da na yi. Daga ranar, duk jimlar da zan rubuta a allo sai in sa wa manomin wani suna.

Ana haka, ran wata Litinin cikin zafin bazara, sai ga baƙo da kwat da karabat ɗaure a wuya, yana zufa. Ya miƙo mini takarda daga biro, wato ofishin mai duba makarantu, da tambari a ƙasa, cewa a ba shi haɗin kai. Ɗan Maraɗi ne, saurayi, ya yi shekaru yana karatu a Faransi. Nan take mata suka sa masa Mushe, yadda ake kiran namiji da Faransanci. Kayan aikinsa ba su da yawa: agogo, kaye, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, da wani kwali mai faɗin allo wanda aka manna wa shafin karatu. A tsakiyar shafin, tsakanin layi da layi, akwai huji kamar ƙwayar wake. Ya ce mace za ta zauna gabansa, shi zai ɗaga kwalin ya rufe fuskarsa, ita ta karanta a zuci, shi kuma ya leƙi idanunta ta hujin.

Na ce, "Don me?"

Ya ce, "Bon, Malama, mutane suna tsammani ido zamewa shike yi bisa layi kamar ruwa. Ba haka ba ne. Tsalle shike yi ya dira, ya sake tsalle ya dira, kuma wurin dirar kaɗai shike gani. Kalmar da ya sani, da ya dira ya wuce. Wadda bai sani ba, ko wadda ta taɓa shi, sai ya daɗe, wani lokaci har ya koma baya. Anasaru sun auna wannan ga masu karatun harshensu. Ba wanda ya taɓa aunawa ga Bahaushe, ni nike so in fara."

Ya ci gaba da bayani mai tsawo, har yana zane a allo, amma ni tun daga "wadda ta taɓa shi" kunnena ya toshe. Tambayoyi ne suka cika kaina. Duk azuzuwan da ke Yamai, me ya sa sai namu? In ido yake aunawa, me zai yi da sunan mace da garinsu, da na ga ya ja musu layi a kayensa? Wa ya biya masa jirgi? Ya ce aikin na malaminsa ne da ke can Faransi, kuma abin da ya rubuta ba mai gani a ƙasar nan. Na gyaɗa kai, a zuciyata na ce haka kowane ɗan leƙen asiri ke faɗi. Da anasara ne ma da sauƙi, domin anasara ko ya ga ido ya tsaya a kan suna, cewa zai yi harafin ne ya yi wuya. Wannan kuwa uwarsa Bahaushiya ce, ya san abin da tsayawar ke nufi.

Mazan ɗalibaina ma ba su so abin ba, amma nasu dalilin daban. Wani magatakarda ya aiko matarsa ta ce mini shi bai aje mata don wani ƙato ya riƙa ƙura mata ido ta rami ba. Da ƙyar aka daidaita cewa duk wadda za a leƙa, ina zaune a benci ɗaya da ita. Hakan ya yi mini daidai, don ni ma so nake in leƙi mai leƙen.

Mata uku yake ɗauka a rana. Ran Talata, ranar farko da ya ɗaga kwalin, na kalli shafin. Labarin manomin ne ya kwafo daga littafinmu, da sunan nan zaune daram har wuri biyar. Na ce masa ai mata sun san wannan labarin, ya kawo wani. Ya ce da gangan ya zaɓe shi, so yake ya ga yadda ido ke yi da kalmomin da ya saba da su. Da gangan! Kalmar ta tsaya mini a rai har na je gida.

Kwana biyu ba abin da ya faru sai dariya. Mata ba su saba da karatun zuci ba, leɓunansu sai motsi suke, shi kuma yana ta "Sans parler, ba magana, ba magana." Ɗaya daga cikin masu kifin ta ce ita ba za ta iya karatu ido na kallonta daga cikin takarda ba, ta tashi ta fita. Idan mace ta gama, sai ya sauke kwalin ya ɗauki wani kwafin shafin ya yi ta ɗiga fensir a wuraren da ya ga idon ya dira. Na fara tunanin ko na zarge shi a banza.

A rana ta uku aka zo kan wata matar direba. Tana gamawa ya sauke kwalin yana murmushi, ya ce, "Hajiya, layi na huɗu idonki ya tsaya ya yi ƙasa. Na bakwai ma haka. Sunan maigida ne?"

Matar ta rufe fuska da mayafi, aji ya fashe da shewa. Shi ma ya yi dariya. Sannan ya buɗe baƙin kayen ya rubuta wani abu mai tsawo a gefen sunanta. Ni ban yi dariya ba. Na waiwaya, na ga Inna a bencin baya ta ƙura wa ƙasa ido. Juma'a da Lahadi ne kawai suka rage tsakaninta da nata layin. (Asabar ba ma karatu.) In ta ƙi zuwa, a ce me ya hana ta, ita da ba ta taɓa fashi ba? In ta zo, ya tambaye ta a gaban mutane sunan wane ne, ga kuma Tawa rubuce a gaban sunanta.

Ran Juma'a da hantsi na yanki kwali, na kwafi labarin da hannuna, na huda tsakiya da ƙusa, na tafi ɗakinta a bayan gidan haihuwa. Na ce za mu gwada. Na ɗaga kwalin na leƙa. Gaskiyar Mushe ce, kuma na ji haushin hakan. Ido ba ya zamewa, tsalle yake yi ƙanana-ƙanana kamar kaza na tsattsagar tsaba. Ban taɓa sanin haka ba, ni da nake taƙama da karatu. Idon Inna yana tafiya da sauri, dira, dira, dira, sai ya zo layi na huɗu ya tsaya cak, ya faɗi ƙasa, sannan ya taso ya nemi inda ya bari. Ko makaho ya leƙa zai gani.

Na ce, "Inna, ki wuce shi kawai. Ki ɗauka sunan tunkiya ne."

Muka sake. Muka sake. Har sau tara. Wani lokaci ta yi ƙoƙari ta tsallake, sai tsallen ya yi girma ya fi tsayawar tonon asiri. Wani lokaci ta wuce lafiya, sai idon ya komo baya da kansa ya duba.

Ta ce, "Ɗiyata, bakina na horas da shi shekara ashirin da shida, shina jin maganata. Idon ga kuwa jiya-jiya ya koyi karatu, kuma kalmar da ya hwara ganewa ke nan duk cikin littahin. Mi zan ce mishi?"

A nan ne dabara ta zo mini, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai. Na ce to kada ta karanta sam. Ta kalli layi kawai ba tare da ta shiga cikin kalmomin ba, ta dira sau uku a kowane layi, farko da tsakiya da ƙarshe, tana tasbihi a zuci: Subhanallahi, Alhamdu lillahi, Allahu akbar. Sai ta sauko layi na gaba. Labarin ai ta haddace shi, in ya yi tambaya za ta amsa. Muka gwada, na leƙa, ido yana tafiya sumul, ba inda ya yi tuntuɓe. Na tafa hannu na ce mun gama da ɗan Maraɗi. Ita kuwa sai ta tashi ta zubo mini fura.

Ran Litinin ta zauna gabansa, ina gefenta. Ya tambayi sunanta da garinsu ya rubuta. Ya ɗaga kwali, ya duba agogo, ya ce bismilla. Ta gama cikin natsuwa. Ya sauke kwalin a hankali, ya dube ta, ya dube ni. Ya ce, "Inna, a sake, don Allah." Ta sake. Bai ɗiga fensir ko ɗaya ba. Ya rubuta ƴar gajeriyar magana a kaye, ya ce, "Na gode, Inna," ya kira ta gaba. Bai yi mata zancen sunan manomin ba. Da muka fita na matse hannunta don murna.

Bayan sati uku aka aiko da takardun shaida daga biro. Na zazzage ambulan a kan tebur na shiga kiran sunaye. Matar direba ta samu. Mai kifin da ta zauna ta samu. Har wata da ke bin layi da yatsa tana gumi ta samu. Babu ta Inna. Na sake dubawa, na girgiza ambulan. A ƙasan jerin sunayen an rubuta da Faransanci cewa waɗannan ba su kai ba, su sake shekara, kuma sunanta ne na farko.

Ban jira gobe ba. Na sallami aji, na taka da ƙafa cikin rana har gidan da aka sauke shi, na same shi a baranda yana ta jan layi a takardu. Ban yi sallama mai kyau ba. Na ce, "Kai ne ka ce abin da ka rubuta ba mai gani a ƙasar nan?"

Ya miƙe tsaye. Ya ce mai duba makarantu ne ya kira shi ya ce tunda ya riga ya auna matan, ya ba shi jerin waɗanda suka iya da waɗanda ba su iya ba, don a rage wahalar jarrabawa. Shi baƙo ne, da takardar mutumin yake aiki, bai ga yadda zai ƙi ba. Kayen kuwa, ya ce, bai bar hannunsa ba.

Na ce, "Matar da ta fi kowa karatu a ajina ka rubuta ba ta iya ba? Ido gare ka ko huji?"

Ya ce, "Malama, zauna in nuna miki." Ban zauna ba. Ya ɗauko shafin ya sa yatsa a layin ƙarshe. Kalma biyu ce kaɗai a layin, sauran duk farar takarda. Ya ce, "Kowane layi sau uku ta dira, ba ƙari ba ragi, kamar agogo. Mai karatu bai yin haka, na faɗa miki tun ranar farko. Da ta zo nan kuma, ta dira bisa kalmomin, ta dira bisa farin wuri, ta sake dira bisa farin wuri. Sau biyu ta yi mini haka. Wanda ke karanta inda ba rubutu, mi zan rubuta mishi? Na ɗauka haddacewa ta yi, kunya ta hana ta faɗi. Shi ya sa ban tambaye ta komi ba gaban mutane."

A kwalin da na kwafa da hannuna, rubutuna ya fi na injin girma, layin ƙarshe ya cika har baki. Ban taɓa tunanin wannan ba. Kuma ya faɗa tun ranar farko, lokacin da yake zane a allo ni kuma ina lissafin wa ya aiko shi.

Ya ce, "In kin tabbata ta iya, kawo ta gobe. In sake dubawa, in rubuta wa biro da hannuna cewa na yi kuskure." Sannan ya ƙara, "Amma wannan karon ta karanta da gaske."

Da gaske. Na dube shi ina neman abin da ke bayan maganar. Fuskarsa ta mai jin kunya ce, amma ai mai farauta ma ya iya sunkuyar da kai. Ko ya gane wani ne ya koya mata? Ko duk wannan tarko ne tun farko, a hana ta takarda don ta dawo da ƙafarta ta buɗe idon? Na roƙe shi ya canza shafi. Ya ce in ya canza ba zai iya gwada ta da sauran ba, kuma mai duba makarantu zai tambayi dalili. Amsa ce mai ma'ana. Duk amsoshinsa masu ma'ana ne, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Har yau da nake rubuta wannan, da furfura a kaina, ban san ko mutumin kirki ne na zalunta ko mugu ne na tsere wa ba.

Na je na gaya wa Inna komai, har da cewa laifina ne. Na yi kuka, ita ba ta yi ba. Na ce mu je gobe, in ya tambaya sai ta ce sunan surukinta ne, ko na wani malaminta.

Ta ce, "In ce sunan wani ne? Na riga na ce ban haihe shi ba, Malama. Sau guda na hwaɗi wagga magana, har yau ba ta bar ci na ba. Ba ni ƙarawa." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Kuma in sun gane uwa tai tana nan, ni za su riƙe don shi taho. Shi kuwa zai taho, na san shi. Bari su rubuta jahila. Jahila ba a tambayarta komi."

Ƙarshen wata aka sallame ta. Matan da ta karɓi haihuwarsu a Gaweye ba su ƙirguwa, amma ba wadda ta isa ta yi magana. Ta kwashe ƴan kayanta ta koma zaure a gidan wata Bazabarma da ta taɓa ceto a naƙuda, ta shiga sayar da kayan miya a kasuwar Peti Marshe. Mushe ya gama aikinsa ya koma Faransi da baƙin kayensa kafin ruwan farko ya sauka. Na yi wata da watanni ina jiran in ji an zo an tafi da wani daga ajina. Ba a zo ba. Wannan ma bai kwantar mini da hankali ba, cewa na yi suna jiran lokaci ne.

Na ɗauki lokaci ina kauce wa layin masu kayan miya, don kunya. Sai bayan damina na daure na je. Na same ta ƙarƙashin rumfar zana, da tattasai da albasa da daddawa a faifai, ta rame kaɗan. Ta yi mini maraba kamar ba abin da ya faru, ta ba ni kujera ƴar tsugunno. A gefenta akwai tarin tsofaffin jaridu na Faransanci, irin waɗanda masinjojin biro ke kawowa kasuwa a naɗe kaya da su. Na lura duk takardar da za ta yaga ta ƙunsa wa mai saye barkono, sai ta fara bin ta da ido daga sama har ƙasa, ta juya bayan ma ta bi. Faransanci ba ta ji ko kalma ɗaya. Amma suna suna ne, a kowane harshe haka ake rubuta shi.

Muna cikin hira wata mata ta zo sayen tattasai. Inna ta ja shafi ta ɗaga. Ni kuma, tun daga kwalin nan na kamu da mugun hali, ba na iya ganin mai karatu ban kalli idonsa ba. Na ga nata yana sauka da sauri, dira, dira, dira. A tsakiyar shafin ya tsaya. Bai yi ƙasa ba wannan karon, bai kuma wuce ba.

Ta ajiye shafin a cinyarta, ta ja wani ta ƙunsa wa matar tattasanta, ta sallame ta da fara'a. Sai da matar ta yi nisa sannan ta miƙo mini jaridar, yatsanta a ƙarƙashin sunan. Ga sunan uban a gefe, ga Tawa. Jerin sunaye ne, da ƴan layuka a samansu. Na dubi kan shafin, jaridar ta yi wata huɗu da fitowa.

Ta ce, "Karanta mini abin da ke bisa."

Na karanta layin farko a zuci, na fahimci inda maganar ta dosa. Nan take na fara shirya ƙarya. Zan ce an kama su suna tsare, zan ce ana sa ran afuwa. Na bar idona ya ci gaba da bin layukan a hankali don in samu lokaci. Da na ɗago, na tarar ba takardar take kallo ba, ni take kallo, cikin ido.

Ta ce, "Malama, kada ki yi mini irin wanda kika koya mini. Na ga inda kika tsaya."

Na koma wurin, na fassara mata kalma da kalma, yadda aka rubuta. An kama su a kan iyaka, an yanke musu hukuncin kisa, an zartar. Ta ce Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, sau ɗaya, a hankali, don maƙwabciyar rumfa tana kusa. Ta karɓi shafin ta ninke shi huɗu ta sa cikin zanenta. Sannan ta ce in tashi in tafi gida, kada a ga ina kuka a rumfarta a tambaye ta wa ya mutu.